Ko Ido Ya Isa Shaida?

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, in an hango fitila tana ɗan ƙyalli cikin dare, yaya ido zai raba tsakanin ƙaramar fitila ta kusa, da babba ta nesa, da wadda hazo ya rufe? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masanan taurari.

Akwai waɗansu taurari masu kumbura da motsewa, haskensu na ƙaruwa yana raguwa bisa ƙayyadaddun kwanaki. A 1912 wata mace a Amurka, Henrietta Leavitt, ta nazarci guda 25 cikin wani garken taurari da a ke kira Ƙaramin Gajimaren Majalan, ta ga wanda ya fi jinkirin bugawa shi ya fi haske. Watau in ka ƙidaya kwanakinsa ka san ainihin haskensa, in ka gwada da yadda ya dushe a ido ka san nisansa.

Da wannan mudu Edwin Hubble ya auna garken Andromeda, ya ce haskensa kan yi tafiyar shekara kamar 900,000 kafin ya iso mana. Yanzu an san abin ya kai shekara miliyan biyu da rabi. A 1952 Walter Baade ya nuna an haɗa taurari iri biyu ne a mudu ɗaya. Ga kuma ƙurar sararin sama, wadda ke dusashe tauraro har a zaci ya fi nisa.

Shin Hubble ya yi shaidar zur ke nan? Ni dai a ganina bai yi ba. Mai zur ɓoye mudunsa ya ke yi, shi kuwa ya bayyana yadda ya auna, shi ya sa na baya suka sami inda za su gyara. Abin zargi shi ne wanda aka nuna masa hazon, ya kafe a kan idonsa.

Maganin ƙurar ma ba daga ido ya fito ba. Tun 1800 William Herschel ya gano wani haske mai ɗumi bayan ja, wanda ido ba ya gani, shi kuwa yana ratsa ƙura. Da shi madubin Spitzer, wanda aka harba sama a 2003, ya sake duban taurarin nan cikin Babban Gajimaren Majalan, inda dushewar da ƙura ke jawowa ba ta kai ushirin ta hasken da mu ke gani ba.