Jita Mai Tsada da Hukuncin Ganin Fari

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma akwai tambaya a bayan wannan magana: ko gani na fari ya isa a yanke hukunci a kansa? Kowane mutum ya kan auna abu tun sa'anda ya fara ɗora ido ko hannu a kansa. Mai sayen doki ya kan so shi ko ya ƙi shi tun bai hau ba. Mutane da yawa kuwa sun shiga bashi na shekaru saboda abin da zuciyarsu ta gaya musu cikin minti biyar. Muna so mu bincika wannan al'amari ta wurin abu guda wanda samari da yawa su ke marmarinsa a yau, watau jitar lantarki mai tsada. A Amurka ana samun ta mai koyo da dala 200, akwai kuma sabuwa wadda ta kai dala 5,000 ko fiye. Kowacce tsirkiya shida gare ta. Me ya raba su, kuma me mutum ya ke ji ran da ya fara riƙe mai tsadar?

Yadda ta ke aiki

Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo mai ba da amo kamar molo ko garaya. Yawancinsu gungumen katako ne kawai. A ƙarƙashin tsirkiya akwai maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Tsirkiyar ta ƙarfe ce. Idan ta yi rawa a bisa maganaɗisun, sai ɗan ƙarfin lantarki ya tashi cikin wayar, ya bi igiya zuwa akwatin ƙara murya, daga can ya fito ta lasifika. An fara sayar da jita mai lantarki a Amurka a 1932. Kamfanin Gibson ya fito da tasa mai suna Les Paul a 1952, kamfanin Fender kuma ya fito da Stratocaster a 1954. Har wa yau siffar waɗannan biyu a ke kwaikwayo ko'ina.

Bari mai karatu ya riƙe abu ɗaya daga nan: akwatin ƙara murya ba ya zaɓe. Abin da yatsa ya yi, shi ya ke ɗagawa, mai kyau da mummuna duka.

Abin da hannu ya ke ji

Mun sami zarafin kaɗa wata Les Paul mai tsada wadda wani makaɗi ya ba mu aro na yini guda. Abin da a ke fara ji shi ne nauyinta, gama ta kai wajen kilo huɗu. Jikinta na wani itace ne ɗan'uwan maɗaci, an rufe fuskarsa da farin itace mai tauri, an goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Wuyanta yana da santsi. Ƙananan ƙarafan da aka jera a wuyan an goge bakinsu, babu mai kartar yatsa. Tsirkiya tana kwance kusa da wuya, taɓawa kaɗan ta isa. Wanda ya saba da jitar arha, wadda sai an danne da ƙarfi har yatsa ya yi kanta, lallai zai yi mamaki.

Sa'an nan sai kunne ya karɓa. Murya ɗaya in an kaɗa ta, ta kan daɗe tana amo kafin ta mutu. In an taɓa a hankali sai ta yi raɗa, in an buga da ƙarfi sai ta yi ruri. In kuwa an tsaya, sai a ji shiru, babu gunjin lantarki irin wanda ya kan dami kunne. Dalili shi ne naɗin wayarta biyu ne, ɗaya yana kashe gunjin ɗaya. Wani ma'aikacin Gibson mai suna Seth Lover ya ƙago wannan dabara, aka fara sa wa Les Paul a 1957.

Har nan hannu da kunne ba su yi ƙarya ba. Aiki mai kyau ne, an kuwa ji shi. Amma zuciyar ɗan adam ta kan ƙara nata a kai. Da fari ta kan ce wa mai kaɗawa, "Ashe ka iya haka!" Daga baya ta ƙara da wadda ta fi haɗari, "Ashe rashin wannan ne ya hana ka gwaninta." Wannan magana ta biyu ita ce ta kan kai saurayi wurin mai ba da rance.

Amma in mai koyo ya yi haƙuri ya ci gaba da kaɗawa har sa'a guda, jitar da kanta za ta ƙaryata zuciyarsa. Yatsan da ya makara zai fito sarari. Tsirkiyar da ya bari tana rawa ba a kan lokaci ba, kowa zai ji ta. Jitar arha ta kan rufa wa mai ita asiri, gama kullum yana da abin da zai ɗora wa laifi. Mai kyau ta kan ƙwace masa wannan hujja, ta bar shi da hannunsa kaɗai.

Ganin fari na raini

Ganin fari ya kan ɓata ta hanya biyu. Ta fari ita ce raini. Daga 1958 zuwa 1960 masana'antar Gibson da ke Kalamazoo a Amurka ta yi wata irin Les Paul mai launin ja da rawaya. Dukan waɗanda aka yi ba su kai 2,000 ba, kuɗin kowacce kuma bai kai dala 300 ba. Masu saye ba su kula da ita sosai ba. Suka ce ta yi nauyi, siffarta kuma ta tsohon yayi ce. A 1961 kamfanin ya sake mata siffa gaba ɗaya. Sai a 1966 wani saurayi na Ingila, Eric Clapton, ya kaɗa tsohuwar a wani faifai tare da John Mayall. Da mutane suka ji muryar da ya fitar daga cikinta, sai aka shiga nemanta ido rufe, har kamfanin ya komo da tsohuwar siffa a 1968. Waɗanda aka yi a 1959 sun zama abin da a ke saye da ɗaruruwan dubban daloli. Katakon bai sake ba, wayar ba ta sake ba. Abin da aka raina jiya shi a ke rububinsa yau, domin an sami hannun da ya nuna abin da ke ciki.

Ganin fari na sha'awa

Hanya ta biyu ita ce sha'awa, watau suna ya riga kunne yanke hukunci. An gwada wannan a kan gogen Turawa, wanda sunan maƙerinsa ya fi na kowace jita tsada. A 2010, a birnin Indiyanafolis na Amurka, wata masaniyar sauti daga Faransa, Claudia Fritz, tare da abokan aikinta suka tara gwanayen goge 21. Aka ba su goge shida: uku sababbi, uku kuma tsofaffin Italiya, biyu daga cikinsu aikin Antonio Stradivari ne wanda ya mutu a 1737. Aka rage hasken ɗaki, aka sa musu baƙin tabarau, har turare aka ɗiga wa gogen domin kada hanci ya gane tsohon itace. Da aka tambaye su wanne za su so su tafi gida da shi, 13 suka zaɓi sabo, 8 suka zaɓi tsoho. Wanda aka fi ƙi kuwa ɗaya ne daga cikin na Stradivari. Waɗannan gwanaye ne, ba masu koyo ba. In suna yana iya jan kunnen gwani har sai an rufe masa ido, ina ga saurayin da ya karanta sunan kamfani a kan jita tun bai taɓa tsirkiya ba?

Tamani kashi uku ne

Daga nan muna iya gani cewa kuɗin jita mai tsada kashi uku ne. Na fari ladan aiki ne: itace busasshe, da sa'o'in da maƙeri ya ɓatar yana goge wuya da daidaita ƙarafa. Na biyu kuɗin ƙaranci ne, domin abin ba shi da yawa. Na uku kuɗin suna ne. A cikin ukun nan, na fari kaɗai kunne ya ke ji.

Ga misalin na uku. David Gilmour, makaɗin ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, ya sayi wata baƙar Stratocaster a kanti a 1970. Irin wadda masana'anta ta ke fitarwa da yawa ce, shi kansa kuma ya sake mata wuya da waɗansu sassa sau da dama. A 2019 aka yi gwanjonta a Amurka a kan dala 3,975,000. Wanda ya biya wannan kuɗi, shekarun da ta yi a hannun Gilmour ya saya. Amma hannun bai biyo jitar ba, yana nan wurin mai shi. Gilmour kuwa ya ba da kuɗin gwanjon jitocinsa duka, fiye da dala miliyan 21, ga wata ƙungiya mai aikin kare muhalli.

Hannu ya riga kaya

Akwai kuma waɗanda suka soma da hannu wofi. A 1963 wani yaro a Ingila, Brian May, ya so jitar lantarki, gidansu kuwa ba su da kuɗin ta kanti. Shi da ubansa suka zauna wajen shekara biyu suna ƙera tasu. Wuyanta suka sassaƙa daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki, suka sa mata ƙarafan injin babur. Da ita ya yi suna cikin ƙungiyar Queen, yana kaɗa ta da sisi. A Nijar ma, Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa, ya haɗa jitarsa ta fari da itace da wayar birkin keke. Sai da hannunsa ya nuna, sa'an nan ya riƙe Fender, ya zaga Turai da Amurka da ita. Dukansu biyu sun sami kaya mai kyau a ƙarshe, amma aiki ne ya kai su wurinsa.

To, jita mai kyau banza ce?

Wani zai ce, in haka ne, duk mai sayen jita mai tsada wawa ne. Ba mu yarda da wannan ba. Maƙerin da ya yi aiki da aminci ya cancanci ladansa, raina aikinsa kuma rashin adalci ne. Kayan aiki marar kyau yana da tasa ɓarna. Yara da yawa sun bar koyo domin jitar da aka ba su tana yanka yatsa, ko kuwa ba ta riƙe murya, har suka zaci su ne ba su da baiwa. Makaɗin da wannan ce sana'arsa, yana kaɗawa dare da rana a gaban jama'a, yana da dalilin neman abin da ba zai kunyatar da shi ba, kamar yadda tela ya ke neman keken ɗinki mai ƙarko. Sha'awar abu mai kyau ba laifi ba ce. Laifin yana wurin wanda ya ke so ya sayi da kuɗi abin da sai da shekaru a ke samu, da wanda ya biya kuɗin suna da abincin iyalinsa.

Ma'auni

Saboda haka, wanda zuciyarsa ta kamu da irin wannan jita, bari ya yi wa kansa tambayoyi kafin ya buɗe jaka.

Na fari, kuɗin nan na wane ne? In na makarantar yara ne, ko na hatsin gida, ko rance ne mai ruwa, to amsa ta fito tun ba a kaɗa ba.

Na biyu, jitar da ke hannuna ce ta gaza, ko kuwa ni ne ban kai ƙarshenta ba? Hanyar sani mai sauƙi ce. Ka miƙa ta ga wanda ya fi ka, ka zauna ka saurara. In ta yi daɗi a hannunsa, ba ita ce ta tsayar da kai ba. Sau da yawa kuma mai gyara ya kan daidaita wuya da tsirkiya da kuɗi kaɗan, tsohuwa ta komo da laushi.

Na uku, da ban ga sunan ba, zan so ta haka? Ka juya baya, abokinka ya kaɗa mai tsada da mai arha bi da bi cikin akwati ɗaya, ka faɗi wadda ka fi so tun ba ka waiwaya ba.

Na huɗu, sha'awar nan za ta kwana? Ka tafi gida, ka komo bayan mako guda. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da hannu ya ji na gaskiya zai sake jinsa, abin da zuciya ta ƙara kuwa yawancinsa ba ya kai kwana bakwai.

'Yan'uwa, wannan zance bai tsaya ga jita ba. Da ido ɗaya mu ke duban kaya da mutane. Mu kan tashi tsaye domin babbar riga, mu bar mai tsumma a bakin ƙofa, alhali ba mu san halin ko ɗaya a cikinsu ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Bari mu karɓi shaidar ganin fari a kan abin da ya gani kaɗai, sauran hukunci kuwa mu jinkirta shi har an zauna tare, an ga aiki.