Wanda Ya Bar Sigari Da Magani, Rago Ne?

A fim, da budurwa ta ɓata rai sai jarumi ya yar da karan sigari, shi ke nan wai ya daina. A zahiri kuwa, mai karatu, sinadarin nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, ya yi wa mutum kamun kazar kuku.

Shi ya sa likitoci ke rubuta bareniklin, maganin da ya fito a 2006 da sunan Champix. Makonni 12 ake shan sa. Yana rage kwaɗayin tabar, ya dushe daɗinta.

Wasu na cewa ragwanci ne, wai namiji da zuciya yake bari. Haba! Ƙwaya ai ba ta yin niyya. Wa ya taka zuwa asibiti ya tona wa likita cikinsa? Wa ke zama a majalisa, abokai na busa hayaƙi, ya ƙi miƙa hannu?