Darasi na 14: Wanda Ya Sayi Gida da Mutane a Cikinsa

Abin karatu: Irmiya 32:6-15, Mika 2:1-9, Littafin Firistoci 25:23.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwarsu ta Sabo, wajen Mokola. Can ne fatake suka riƙa sauka, masu kawo shanu daga Arewa da masu sayen goro. A wancan zamani mai gida ba mai karɓar kuɗin ɗaki ba ne kaɗai. Shi ne mai saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa lamuni a kasuwa. Arzikinsa duka amana ce.

To, a ce ɗaya daga cikinmu ya tara guminsa, ya sayi gida mai ɗaki shida a Sabo, ya kuwa tarar da 'yan haya a ciki: ga gwauruwa da 'ya'yanta, ga tsoho wanda ya shekara ashirin a ɗaki guda. Ƙaƙa zai yi?

Na fari, ya yi ciniki a sarari. Sa'ad da Irmiya ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot, ya auna azurfa shekel 17, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, aka adana takardun cikin tukunyar ƙasa. Haka mu ma, sai mu tambayi mai sayarwa ko wane ne ya biya haya, har zuwa wane wata, mu rubuta. Wanda ya riga ya biya, kada a karɓa masa sau biyu.

Na biyu, ya tuna shi wakili ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha bisa amana. Amma tun kafin wannan, Ubangiji ya gaya wa Isra'ila ƙasa tasa ce, su kuwa baƙi ne a wurinsa. Ashe mai gida ma ɗan haya ne.

Na uku, ya ji tsoron gargaɗin Mika a kan masu korar mata daga gidajensu. Riba ta halal ba zunubi ba ce, ɗan haya kuma wajibi ne ya biya abin da ke kansa. Amma in za a ƙara kuɗi, a ba da wa'adi isasshe, a kuma gyara rufin da ke yoyo kafin damina. Yawancin mazaunan Sabo Musulmi ne. Za su karanta halinmu kafin su karanta Littafinmu.

Tambayoyi
1. Don me Irmiya ya kira shaidu, alhali da ɗan'uwansa ya yi ciniki?
2. In gwauruwar ta kasa biyan wata uku, me ya kamata mai gida ya yi?

Addu'a: Ya Uba, kai ne Mai gida, mu baƙinka ne. Ka sa mu riƙe amanarka da gaskiya da jinƙai, domin Yesu Almasihu. Amin.