Ɓargon Ɗan'uwa da Ran Ɗan Tayi

Daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, mun sha ganin uwa ta kwana zaune tana riƙe da yaro mai ciwon sikila, musamman in hunturu ya shigo. In uwar nan ta ce a yi kowane irin magani, wa zai ga laifinta?

Magani kuwa ya samu. A shekarar 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, aka dasa wa wani yaro ɓargon wansa, karo na farko a Nijeriya. Cikin ɓargo akwai ƙwayoyin asali masu haifar da jini. In dashen ya kama, lafiyayyen jini ya maye gurbin mai ciwo, mai bayarwa kuma ya tashi lafiya. Ikkilisiya ba ta hana wannan ba.

Inda muka ja layi shi ne ƙwayoyin da ake cirowa daga ɗan tayi mai 'yan kwanaki, gama ba a samunsu sai an hallaka shi. Takardar Dignitas Personae ta 2008 ta haramta wannan. Wasu sukan ce ai bai kai ƙwayar gero ba. Gaskiya ne. Amma daga nan kowannenmu ya faro, har da yaron da ake son ceto.

Dashen ɓargo dai miliyoyi yake ci, ya fi ƙarfin manomin masara. Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mai da doka a 2024. Shi ma da nasa hawayen, in saurayi da budurwa suka kawo wa Fada sakamakon bayan an riga an kai lefe.