Dashen Hanta: Shin A Ɓoye Wa Majiyyaci Abin Da Ka Iya Biyo Baya?

Ki ɗauka yau likita ya ce hantar maigidanki ta lalace, babu mafita sai dashe. Dangi sun sayar da gona a Lajawa, an kai shanu kasuwar Wudil, ƙaninsa ya yarda a yanki sashen hantarsa a dasa masa. Sai likitan ya ja ki gefe ya ce: "Hajiya, ko an dace, akwai yiwuwar wani sabon ciwon daji ya ɓullo nan gaba." Shin za ki faɗa wa maigidan, ko za ki yi shiru don kada gwiwarsa ta yi sanyi?

Bari mu fara sanin dalilin. Tun 1963 da Dakta Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a Denver ta Amurka, babbar matsalar ita ce jiki yana ɗaukar sabuwar hantar a matsayin baƙuwa, sai ya yaƙe ta. Don haka majiyyaci zai riƙa shan magunguna irin su tacrolimus ko cyclosporine har ƙarshen rayuwarsa, domin su rage ƙarfin garkuwar jiki. To, garkuwar nan ita ce ke murƙushe ƙwayoyin da suka fara rikiɗa zuwa daji. Idan ta yi rauni, haɗarin yakan ninka kamar sau biyu zuwa uku a kan na sauran mutane. Waɗanda aka fi gani su ne dajin fata, da dajin kaluluwa mai alaƙa da ƙwayar Epstein-Barr, da ciwon Kaposi.

Masu ɓoyewa suna da hujja. Sukan ce tausayi ne, ai majiyyaci fata yake buƙata. Ba na raina wannan. Amma ki duba, jikin nasa ne, kuma amana ce Allah Ya ba shi. Shi zai sha maganin, shi zai ɗauki haɗarin. Ta yaya zai yi istihara a kan abin da aka rufe masa rabinsa? Haka ƙanin da zai shiga ɗakin tiyata, shi ma yana da haƙƙin sani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓoɓi, kuma yardar mai bayarwa tana cikin sharuɗɗan. Yardar da aka gina kan rashin sani kuwa ba cikakkiya ba ce.

Sannan shirun yana da cutarwa. Wanda ya sani zai lura da sabon tabo a fata, ko kumburi a wuya, ko ramar da ba dalili, ya garzaya asibiti da wuri. Zai bar taba, ba zai yi wasa da ranar ganin likita ba. Wanda bai sani ba cewa zai yi sammu ne ko shawara, har lokaci ya ƙure.

Kada kuma gaskiyar ta zama tsoratarwa. Da yawa cikin waɗanda aka yi wa dashe ba sa kamuwa, kuma sukan yi shekaru cikin iyalinsu. Ko dajin ya zo daga baya, kyautar ƙanin ba ta tafi a banza ba. Kowane azumin da ɗan'uwansa ya ƙara gani, yana da lada a ciki insha Allahu.

Don haka ki faɗa masa, amma da lafazi mai taushi, a gaban likita, a lokacin da ya natsu. Ki kuma tabbatar an yi wa jaririnki rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, don kada a kai ga wannan zaɓi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.