Alkawarin da Aka Sa wa Hannu

Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983, yana da sharaɗi: duk wanda ya samu zai koma ƙasarsa aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Matashi daga Kafanchan yakan sa hannu, ikkilisiya ta yi masa addu'a, alhali wani tun bai hau jirgi ba ya ƙudura ba zai dawo ba. Iyaye sukan ce talauci ne, ba su kuwa yi ƙarya ba. Amma gurbin nan, wataƙila an hana shi wata da ta yi nufin komowa Zonkwa ta koyar. Nehemiya da ya roƙi izinin zuwa Urushalima, ya yanka wa sarki lokacin komowarsa, ya kuwa koma.