Haƙƙin Wanda Ba A Haifa Ba A Kan Filin Gari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya san Kafinsoli da sauran garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada ya san akwai wuraren da jama'a suka yi tarayya a cikinsu. Akwai filin Idi, da dandali inda yara ke wasa da farin wata, da gindin kuka ko tsamiya inda dattawa ke shan inuwa. Akwai burtali da shanu ke bi zuwa mashaya, da 'yar hanyar ƙafa mai kai mata rijiya, ta kai manomi gona. Yayin da gari ke ƙaruwa, waɗannan wurare su ne ke fara salwanta, domin babu mai tsaya musu. Wannan ya ci taku biyu na burtali ya haɗa da gonarsa, wancan ya ja katanga ta shiga hanya, kafin a ankara dandali ya zama gidaje. To, tambayar ita ce: shin ya wajaba mutanen yau su keɓe fili da hanya saboda mutanen da za su zo bayan shekara 50, waɗanda ba a ma haifi iyayensu ba?

Masu cewa bai wajaba ba suna da hujja biyu, kuma ba hujjojin banza ba ne. Ta farko, sun ce malamai sun yi hani ga dogon buri, wanda bai san zai kai gobe ba ina shi ina shirin shekara 50? Ta biyu kuwa ta fi nauyi. Sun ce ga saurayi yana son aure ba shi da wurin gina ɗaki, ga magidanci gonar gado ta tsuke masa, yaya za a hana mai rai abin da yake bukata domin wanda babu shi?

Game da hujja ta farko, dogon burin da aka zarga shi ne na mutum ga kansa, watau ya riƙa tarawa kamar ba zai mutu ba, yana jinkirta tuba. Wanda ya dasa itacen da ba zai sha inuwarsa ba kuwa, ai tuna mutuwa ne ya sa shi. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yusufu ya shirya wa Masar tattalin abinci na shekaru 7 na wadata domin shekaru 7 na yunwa, ba a kira wannan rashin tawakkali ba. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito hadisin da ke umartar mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da alƙiyama na shirin tsayuwa, muddin yana da iko.

Hujja ta biyu kuwa, sahabbai da kansu sun yi muhawara a kanta. Da aka ci ƙasar Iraƙi, wasu daga cikinsu, har da Bilal, suka nemi Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya raba gonakin ga mayaƙa. Umar ya ƙi, ya bar ƙasar a hannun masu nomanta suna biyan haraji ga baitulmali. Dalilinsa shi ne in an raba, na baya za su zo su tarar babu abin da ya rage musu, ya kuma kafa hujja da ayoyin Suratul Hashri da suka ambaci waɗanda za su zo daga baya. Ashe shari'a ta san haƙƙin wanda bai zo ba tukuna.

Wannan fahimta ta bayyana a yadda Musulmin farko suka zana garuruwansu. Mawardi ya ambata a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki cewa da aka kafa Basra a zamanin Umar, an yi faɗin babban titi kamu 60, sauran tituna kamu 20, lunguna kamu 7, aka kuma bar fili mai yalwa a tsakiyar kowace unguwa. Kamu 7 ɗin nan yana da asali a hadisin da Buhari ya ruwaito, cewa shi ne faɗin hanya in an yi jayayya a kanta. Abin lura shi ne an fitar da hanya da fili kafin a kafa gidaje, domin da zarar an yi gini, buɗe hanya sai da rushewa da ɓacin rai. Haka nan Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekarar 831, ta sa aka gina rijiyoyi da tafkuna da masaukai a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau ana kiran hanyar da sunanta.

A ƙasar Hausa ma abin ba baƙo ba ne. Waɗanda suka gina ganuwar Katsina da ta Kano sun zagaye fili mai yawa da ya wuce bukatar gidajen zamaninsu. Kalmar hurumi kuma tsohuwa ce a bakin Bahaushe, watau ƙasar da aka keɓe wa jama'a don kiwo ko itace ko maƙabarta.

Sai dai kukan saurayin nan da na magidancin nan bai faɗi ƙasa ba. Akwai sharaɗin da ke sa keɓe fili ya zama adalci, kuma Umar ne ya koyar da shi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa da Umar ya naɗa mai kula da hurumin kiwo, ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya kuma yi hattara da garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalili, in dabbobin waɗannan biyu suka halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka ba shi da madogara. Saboda haka ma'aunin kowane fili da aka keɓe shi ne, wa zai amfana da shi? Mai hali yana da inuwa a gidansa, yana da mota. Mai tallar fura da almajiri da tsohuwa mai ɗauke da itace su ne ke bukatar inuwar bakin hanya. In aka hana talaka fili da sunan jama'a, daga baya aka yanka wa masu hannu da shuni, an haɗa zalunci da cin amana. In kuma maslaha ta sa dole a karɓi gonar wani, to, a biya shi diyya cikakkiya.

Dokokin zamani ba su yi shiru ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, dokar ƙasa ta 1978 kuma ta ɗora wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallakar filayen karkara. Amma doka a takarda ba ta tsare iyaka. Abin da ke tsare ta shi ne mutanen gari su san ta, su yarda da ita. Ya kamata hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai da arɗo su zauna da wakilan ƙaramar hukuma, a auna filin Idi da dandali da maƙabarta da burtali, a rubuta, a karanta wa jama'a. Sa'an nan a dasa bedi ko tsamiya a kan iyakokin, domin itace shaida ne da ba ya mantuwa, ga kuma inuwa. Mai son sadaka mai gudana ya sayi fili ya yi wakafi da shi, kamar yadda ake yi wa masallaci. Wanda ke shakkar ko ƙasa na farfaɗowa ya dubi Maraɗi, maƙwabciyar Katsina, inda tun shekarun 1980 manoma suka riƙa renon tsiron itatuwa a gonakinsu har wuraren da fari ya ƙone suka sake yin duhu.

Duk wanda ya taɓa zama gindin tsohuwar kuka a Kafinsoli ya ci amfanin haƙurin wani da bai sare ta ba, wanda ko sunansa bai sani ba. Bashi ne da ba ya biyuwa ga na gaba, sai dai a biya shi ga na baya. Allah Ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙon amana, amin.